Ganyen waakye da na shuka a bayan ɗakin Mma

Assalamu alaikum jama'a. Yau labarin ganye zan ba ku, ganyen da shekara huɗu da wani abu kenan ina fama da shi a wani ɗan lungu bayan gidanmu nan unguwar Aboabo a Kumasi, ƙasar Gana, dan satin da ya wuce ne abun ya kai inda nake ta jira.

Mma ta sayar da waakye sama da shekara talatin a bakin titi kafin gwiwa ta zaunar da ita yayata ta karɓi teburin, ni kuma a gindin tukunyar nan na girma. Aikina tun ina firamare shine wanke ganye. Kafin a kira assalatu an tashe ni, a zuba ruwa a baho, a kwance ɗaurin ganyen, ɗaya bayan ɗaya ki wanke gaba da baya ki goge da tsumma mai tsabta ki datse guntun karan ki jera a tire, in lokacin hunturu ne yatsun ki har su ƙage. Ganyen da ya ratsa hannuna Allah kaɗai ya san yawansa. Amma wallahi da a lokacin wani ya tare ni yace a jikin me wannan ganyen yake fitowa, da cewa zan yi bishiya ce babba a daji, dan haka na ɗauka har na girma har na yi aure.

Bari in raba muku abu biyu tukuna dan 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da ba su saba da abincinmu ba. Waakye dai sunan daga waken Hausa ya fito, shinkafa da wake ne ake dafawa tare, kuma jan launin nan nasa daga karan dafi yake, busasshen ganyen jar dawa da ake jefawa cikin tukunya da 'yar kanwa. Wannan daban. Wanda nake magana shine ɗanyen koren ganyen nan mai faɗi da ake zuba abincin a ciki a naɗe. Mu a gida ganyen waakye kawai muke ce masa, Asantawa in sun zo saye su ce a sa musu a ahaban, wato ganye, Yarbawa na ce masa ewe eran da shi suke ƙulla alale da shinkafar ofada, Inyamurai su ce uma. A takardun masana kuma katemfe suke rubutawa, sunan kimiyyarsa Thaumatococcus daniellii. Da shi muke naɗe tubani ma.

Abun da ya farkar da ni hoto ne. Ɗan yayata yana aiki a jirgin ruwa daga Tema, farkon 2021 jirginsu ya tsaya a Singafo, tsibirin nan na can gabashin duniya, ya fita yawo ya shiga wani lambu sai kawai ya turo mun hoto a WhatsApp yace Anti duba, wannan ba ganyen Mma bane? Na buɗe hoton na ƙara girmansa, shine wallahi, ba ko tantama, jijiyoyin nan sirara da suka kwanta a jere da ɗan kumburin nan na wuyan ganye inda nake datsewa kullum. An shuka shi reras a inuwar manyan itatuwa an share gindinsa, mutane na wucewa suna kallo. Kuma ba bishiya bace, kowane ganye da sandarsa doguwa da ta fito kai tsaye daga ƙasa. Na daɗe ina kallon hoton nan. Ganyen asalinsa na dazukan ƙasashenmu ne, tun daga Saliyo har Kwango, ɗaukarsa aka yi aka kai Singafo aka kai Ostireliya, can ya samu ruwa da zafi irin na gida ya zauna har ya bazu. Mutanen tsibiri sun san kamanninsa a tsaye, ni da na ci na sha na yi makaranta da kuɗin waakye ban taɓa ganin sa da rai ba. Abun ya tsaya mun a rai sosai.

Akwai wata Ba'asantiya da ke kawo ma Mma ganye tun ina yarinya, mu Maame muke ce mata ita kuma tana ce ma Mma Hajia, yanzu 'yarta ke yawan kawowa kasuwa. Na samu uwar nace Maame ina so ki kai ni inda kike yanko ganyen nan. Ta dube ni tace 'yata me za ki yi a daji, in ganye kike so in ƙara miki ɗauri. Nace a'a uwar nake so in gani. Wata Asabar muka hau trotro, motar haya, a tashar Sofoline muka bi hanyar Bibiani, mun wuce Nkawie da nisa kafin muka sauka, daga nan kuma tafiyar ƙasa ce cikin gonakin koko.

Wurin yana wani kwari kusa da ƙaramin rafi, ƙarƙashin tsofaffin itatuwan koko da goro, rana bata isowa ƙasa sai ɗigo ɗigo. Ƙasar baƙa ce mai laushi, in kin taka sai ki ji ƙafar ki na nutsewa cikin ruɓaɓɓen ganye. Sai ga su nan tsaitsaye sun fi ni tsawo, wasu sun haura mita 2, ko wanne da ganye ɗaya tal a kansa kaman an kafa mashi, babba a ciki ya kai tsawon kamu ɗaya. Maame ta sa adda ta tona gindin ta nuna mun saiwar, tana tafiya a kwance ƙarƙashin ƙasa kaman citta, da idanu a jikinta, kowane ido shi zai tashi ya zama sanda da ganye. Tace ba'a sake shuka shi duk shekara, in ya kama wuri ya kama kenan, ki yanka ya sake tohowa, wannan da kike gani tun uwata tana da rai muke yankan sa.

A hanyar dawowa ne ta yi mun kukan da ya sa na ƙudurta sai na shuka. Tace da a bayan gari suke yanka, yanzu sai sun yi tafiya mai nisa, dan masu gonar koko sun daina noma da adda sun koma fesa maganin ciyawan nan da ake ce ma kondem, shi kuma baya tambaya, duk abun da ya samu a ƙasa ƙonewa yake. Ga 'yan galamsey masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, su kuma kwari da bakin rafi suke nema, daidai inda ganyen ke so. Duk wanda ya ga ruwan Offin ko Pra a 'yan shekarun nan ya san me take nufi, ruwa ya koma kaman kunun kanwa. Shi yasa ɗaurin ganye ke ta ƙanƙancewa kuɗinsa na hawa, yayata kullum sai ta yi mita, mu muna zagin masu kawowa ashe su ma abun ya fi ƙarfinsu.

Na dawo da saiwa guda shida a buhu, wannan watan Afrilu ne na 2021 ruwa ya fara sauka. Na farkon nan duk sun mutu, kuma rana ce ta kashe su. Na shuka su a tsakar gida kusa da inda muke da gauta da barkono, wurin da rana ke duka tun hantsi har la'asar, cikin sati biyu ganyen ya nannaɗe kansa kaman tabarma, bakinsa ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, ina ta zuba ruwa safe da yamma amma ina. Wannan shine abu na farko da zan gaya ma duk mai so, tsiron inuwa ne, ɗan ƙarƙashin daji ne, hasken safiya kaɗan ya ishe shi. Duk abun da muka gada na noman arewa, na gero da dawa da kuɓewa masu son rana, a nan sai an juya shi.

Watan Satumba da ƙaramar damina ta shigo na sake komawa wajen Maame. Wannan karon na zaɓi lungun da ke tsakanin bayan ɗakin Mma da katangar maƙwabta, faɗinsa bai wuce taku uku ba, akwai tsohon mangwaron maƙwabta da ya yi masa rumfa, da ba abun da ke wurin sai fasassun bokitai da tsohuwar taya. Na kwashe sharar, na tona ƙasar wajen zurfin kamu guda na tsince kwalabe da robobi, kuma ku yarda da ni robar da na fitar daga ɗan wurin nan ta cika buhu biyu. Na kawo baƙar ƙasa a aboboyaa, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na haɗa da kashin kaji wanda ya kwana biyu ya ruɓe ya huce, ɗanye yana ƙona saiwa, sai ɓawon koko da Maame ta ba ni. Kowace saiwa na bar mata ido biyu ko uku, na datse tsofaffin ganyen dan kada su shanye mata ruwa kafin ta kama, na kwantar da ita ba zurfi, ƙasa ta rufe ta da kaman faɗin yatsu uku, tsakanin ɗaya da ɗaya taku guda babba. Sannan na lulluɓe wurin gaba ɗaya da busassun ganyen mangwaro, wanda da sharewa muke muna ƙonawa.

Bayan kaman sati biyar na ga abu ya ɓullo siriri a naɗe kaman sigari kore. Ranar da ya buɗe na kira duk yaran gida.

Sai hunturu ya zo, nan ne gwajin gaske. Kumasi muna samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli ƙarama Satumba zuwa Nuwamba, amma daga Disamba zuwa Fabrairu iskar nan mai ƙura tana busar da komai, kuma shi wannan ganyen ko an ba shi ruwa a gindi in iska ta bushe sai gefensa ya soma ƙonewa. Ga famfo sai ya yi kwana uku bai zo ba, ba za ki ɗauki ruwan da aka sayo a jarka ki zuba ma ganye ba mutanen gida na kallo. Mma ce ta kawo dabarar daga kan kujerarta. Tace ke, ruwan alwala fa, sau biyar a rana mutum goma sha a gidan nan suna zubar da shi a kwata. Shikenan muka sa babban baho a inda ake alwala, duk wanda zai yi ya yi a kansa, in ya taru yara su kai lungu. Muka ƙara da ruwan wankin shinkafa da na wake, wanda a gidan masu waakye baya yankewa. Ruwan wanki mai sabulu da na wanke wanke mai mai da gishiri kam na hana, sau ɗaya wata yarinya ta zuba ganye uku suka yi rawaya. Da yamma kuma in yayyafa ma ganyen kansa ruwa da hannu, na kuma jingina rassan kwakwar manja ta gefen da iska ke shigowa. Haka muka fita hunturun farko da guda biyar cikin bakwai.

Babbar sallar 2022 ragon layya ya kwance cikin dare ya shiga lungun, kafin gari ya waye ya cinye duk wani sabon toho ya tattake sauran. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Maame da na gaya mata a waya tace Hajia ƙarama kwantar da hankalin ki, ran yana ƙasa. Haka kuwa aka yi, kafin wata biyu sun dawo sun ma fi da yawa. Tun ranar na sa ƙofar langa langa a bakin lungun. A Zango in za ki shuka komai ki fara da tunanin tumaki da awaki kafin tunanin taki. Katantanwa ma na cin sabon ganye da damina, da fara mai launi launin nan mai wari, su da hannu nake tsincewa da sassafe, bana fesa komai tunda abinci za'a zuba a ciki.

Wani tsoho maƙwabcinmu da ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa ya leƙo wata rana ya tsaya yana kallo, yace 'yata ai wannan dangin fita ne, irin faffaɗan ganyen da ake shimfiɗa ma goro dan kada ya bushe a hanya. Daga nan ya ɓalle da labarin yadda goro ya kawo kakanninmu ƙasar Gwanja da ta Tonawa wato Asantawa, yadda Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ta cika ta batse kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa mutane wasu suka gangaro Kumasi wasu Kete Karachi wasu har bakin teku. Ni dai abun da na riƙe a maganarsa shine mun daɗe muna cin arzikin ganyen dajin nan, mu dai saye muke mu yi amfani mu yar, shukawa kuma mun bar ma Allah da mutanen ƙauye.

Toh ga inda labarin ya fi daɗi. Da na shiga karance karance a kan tsiron sai na tarar ashe a waje ba dan ganyen ma aka san shi ba, dan 'ya'yansa ne. Wani likitan sojan Ingila mai suna Daniell shi ya rubuta labarinsa a 1855 bayan ya ga mutanen Afirka ta Yamma na zaƙaƙa abinci mai tsami da shi, sunansa ne ma aka liƙa a ƙarshen sunan kimiyyar. A 1972 masu bincike na kamfanin Unilever a Holan suka ware sinadarin da ke kawo zaƙin suka sa masa suna thaumatin, wani irin furotin ne, kuma in aka auna nauyi da nauyi ya fi sukari zaƙi sau 2,000 zuwa 3,000. Kamfanin Tate & Lyle na Ingila ya sayar da shi da sunan Talin. A Turai lambarsa E957, in kin juya bayan kwalin cingam ko wani abun sha kika ga wannan lambar toh ɗan ganyen waakye ne a ciki, ana sa shi a magani ma dan ya danne ɗaci. Daga dazukan Gana da Kodebuwa ake tattara yawancin 'ya'yan, kuma a Samreboi can yankin Yamma kamfanin katako na Samartex ya kafa wurin tace shi. Ƙasarmu, ganyenmu, amma ki tambayi masu waakye goma a Asawase ko Alabar ki ji ko akwai wadda ta taɓa ganin ɗan.

Kada a haɗa shi da asaa, 'yar jar ƙwayar nan da in kin tsotsa lemun tsami ke komawa zaƙi, wannan itace ne daban.

Tun da na karanta haka kullum sai na duba, kuma da farko sama nake dubawa wajen ganye, sai Maame tace a'a durƙusa za ki yi, a ƙasa yake haihuwa. A 2024 ya yi fure kaɗan suka zube ba ɗa. Oktoban da ya wuce na ɗaga busassun ganyen gindin sai ga furanni ƙanana masu ruwan shuɗi shuɗi da ja ja sun fito dab da ƙasa a ɓoye, in ba ki durƙusa ba har su gama ba za ki sani ba. Na mayar da ganyen na rufe na hana yara shiga. A hankali ɗan ya ƙullu, kore mai duhu da farko, ya koma ruwan ƙasa, satin da ya wuce na same shi ja wur, mai kusurwa uku kaman ɗan dala, girmansa bai wuce ƙwan kaza ƙarami ba. Guda biyu ne kacal.

Na tsinko ɗaya na kai ma Mma a ɗaki na sa mata a tafin hannu. Tace menene wannan. Nace ɗan ganyen ki ne. Ta juya shi ta sake juyawa, ta daɗe bata ce komai ba, can tace ikon Allah, shekara talatin ina naɗe abinci da uwar ban san tana haihuwa ba. Muka fasa shi da wuƙa, a ciki ƙwallaye baƙaƙe masu tauri guda uku kwance cikin wani abu mai santsi garau kaman yauƙi, a kan kowane ƙwallo akwai ɗan farin nama mai taushi, nan zaƙin yake. Na ɗan taɓa da bakin tsinke na sa mata a harshe na sa a nawa. Da farko ba ki jin komai, sai ki ɗauka ƙarya ne, sai a hankali zaƙin ya taso ya cika baki har maƙogwaro, wani irin zaƙi mai nauyi da baya kama da na sukari ko zuma, kuma ya ƙi tafiya, muka sha ruwa ruwan ya zama kaman an jiƙa sukari, har bayan azahar ina jin sa. Mma ta sa aka kawo mata kokon safe da ya huce ba sukari ta sha tana dariya tana cewa a kira yayar ku ta zo ta gani. Wata maƙwabciya da ta ji labari ta aiko wai a ba ta dan mijinta mai ciwon suga, na aika mata cewa wannan ɗanɗano ne kawai, kada ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

Yanzu maganar roba, dan ita ce ke ci mun rai. Muna yara duk waakye a ganye ake sayarwa, in mutum ya gama ci ya yar akuya ta cinye ko ya ruɓe. Sai baƙar roba ta shigo, sai farin kwanon tekawe, har ya zama wanda ya ce a sa masa a ganye ana masa kallon baƙauye. Ku je ku leƙa rafin Aboabo ko Subin bayan an yi ruwa ku ga abun da ke yawo a kai. Mutanen Akra ba za su manta 3 ga Yuni 2015 ba, daren da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah Circle sama da mutum 150 suka rasu, kuma kowa ya san toshewar kwatoci na cikin abun da ke hana ruwa wucewa a garin. Legas ta hana farin kwanon nan a Janairun 2024, mu ma a nan shugaba Mahama ya sanar ranar 5 ga Yuni 2025 cewa za'a hana shigo da shi da ƙera shi. Na ji daɗin maganar, amma tambayata ita ce in an hana a me za'a zuba? In duk masu waakye na Kumasi da Akra da Tamale suka koma ganye gobe da safe, dajin da ya rage ba zai iya ba, kuɗin ganye zai tashi, talaka mai saye shi zai biya. Hani ba tare da shuka ba wahala ce kawai za ta ƙaru. Kuma ko ba dan muhalli ba, duk wanda ya san waakye ya san wanda aka zuba da zafinsa a ganye, da shito, soyayyen yajin nan baƙi, da gari da taliya da ganda, ya ɗan kwanta minti goma ganyen ya sake masa ƙamshin nan, ba'a haɗa shi da wanda ya yi gumi a roba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce lunguna na ciyar da teburin yayata ba, ita a rana ɗaya tana cinye abun da ni sai in yi wata biyu ban yanka ba. Abun da yake mana shine na gida, tubanin Juma'a, alale da azumi, waakyen Mma. Ina yankan wanda ya ƙosa ya yi kore mai duhu daga can gindin sandar, in bar sababbi, kuma bana wuce kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda. Sandunan ma bana yarwa, a Ekiti ta Najeriya da su ake saƙa tabarma, ni dai ɗaure ɗaure nake da su. Waɗanda za su iya cike kasuwa sune masu gonakin koko da goro, kuma 'yan Zango nawa ne ke da gona ko suke aikin gona a Sefwi da Ahafo da Tepa? Inuwar tana nan a banza ƙarƙashin itatuwan, a ware gefen kwari a daina fesa masa kondem a kafa saiwa, matan gida su samu na cefane duk sati ba sai an jira kakar koko ba.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Yana yaɗuwa, saiwar bata san iyaka ba, nawa ya fara leƙawa ƙarƙashin katanga sai da na kafa bulo a tsaye cikin ƙasa na tare shi, dan haka in wurin ki ƙarami ne ki yi masa shinge tun farko. Na biyu ya fi muhimmanci, dan Allah kada wani ya je wajen masu sayar da fulawa a bakin titi ya ga ganye mai faɗi ya saya ya ce shine. Akwai na ado mai ɗigon fari a jiki da kauri da ruwa a karansa, wannan guba ne, yana kumbura baki da harshe. Namu ganyen sirara ne kaman takarda, kore ɗaya ba zane, sanda ɗaya ganye ɗaya daga ƙasa. Hanya mafi sauƙi ki bi ta hannun matar da ke kawo ganye kasuwa, ki biya ta ta tono miki saiwa daga inda take yanka. Ƙwallon ma yana tsira amma yana da jinkiri sosai, saiwar ta fi.

Ƙanwata da ke Madina ta ce ita ma tana so, na gaya mata gaskiya Akra sai an dage, dan ruwan saman can wajen rabin namu ne kuma ƙasar wasu unguwannin yashi ce bata riƙe laima. Mun yanka tsohon duro biyu muka huda gindinsa, baƙar ƙasa da taki, ta ajiye a bayan banɗaki inda inuwar bene ke faɗawa. Ganyen nata bai kai nawa girma ba amma yana nan da rai shekara guda kenan, ruwan alwalar gidanta ke riƙe da shi.

Ɗan na biyu yana nan a gindin ban tsinka ba, Mma tace a bar shi sai ɗan yayata ya sauko daga jirgi ƙarshen wata ya gani da idonsa tunda shi ya fara turo hoton, kullum da safe sai na ɗaga ganyen na duba ko ɓera ya riga mu. In ruwan Afrilu ya sauka in sha Allah zan fasa gindin gida huɗu, ɗaya na tsohon nan mai goro, ɗaya na wata mai waakye a Sawaba, ɗaya kuma ladanin masallacin unguwarmu ya riga ya share masa wuri a bayan inda ake alwala, ƙarƙashin dogon yaro.